Bakin Waɗanda Suka Saya

A Kurmin Gwaza, gida na ƙarshe kafin a gangara rafi, mutum biyu ne suka rage: Hansai da ƙanenta Nomau. Hansai ta haura sittin, mijinta ya rasu, kuma shekara uku ke nan ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Daga gado zuwa bakin ƙofa da jan gindi take zuwa. Kanta kuwa lafiya lau, harshenta ma haka. Nomau ya ba arba'in baya, ƙato ne, shi kaɗai yake sungumar buhu, amma magana yadda ta fito daga baki haka take shiga kansa, ba ta lanƙwasa. Ba mahaukaci ba ne, kada wani ya gaya muku haka. Bai taɓa jifan kowa ba, bai taɓa barin salla ba. Idan dai aka ce masa tsaya nan, to a nan za a dawo a same shi, ko ruwa ake yi da ƙanƙara. Ita ce kansa, shi ne ƙafarta, haka suke zaune.

Abin da suka mallaka a duniya, ban da tunkiya ɗaya, buhu huɗu ne na wake, wanda Nomau ya noma a gonar gado. Rumbunsu ya faɗi da damina, sai aka jingine buhunan a ɗakin Hansai, daf da gadonta. Taga ɗaya ce a ɗakin, ita ma an cusa mata tsumma saboda sanyi. Waken nan shi ne cinsu, shi ne cefanensu, har sabon amfani ya zo. Kuma akwai magana a kansa. 'Yar Hansai ɗaya tak, Lantana, tana aure a birni, kuma mijinta Isiyaku ya riga ya faɗi tasa: ranar da abinci ya ƙare a gidan nan zai zo da mota ya ɗauki Inna, amma ba shi da ɗakin ajiye ƙaton wawa. Akwai wani gida a bayan gari inda ake sa wa irinsa mari a ƙafa, can za a kai shi. Nomau yana zaure lokacin da aka yi maganar. Bai gane duka ba, amma ya gane mari, don ya taɓa ganin wani da shi, idon sawunsa duk gyambo.

Lantana ce ta kawo musu waya, irin ta shafawa.

"Inna, yanzu ba a sayen abu da ka," in ji ta. "'Yan kasuwa cuta ce da su. Komai za ku saya, a fara tambayar waya."

Hansai ta yi yaƙi da jahilci da ƙuruciyarta, tana haɗa baƙi sannu a hankali. Kafin sati biyu ta iya danna wurin da ake yi wa magana ya nemo abu. Tun daga nan, tana kwance take zaga kasuwannin duniya da babban yatsa ɗaya, shi kuma Nomau ya taka zuwa kasuwar Tudun Faru ranar Laraba ya sayo abin da ta gani.

Wata rana gishiri ya ƙare. Hansai ta ba shi kuɗi, ta haɗa masa da wayar ya kai caji, don ta mutu tun jiya. Nomau bai manta da maganar Lantana ba. Da ya isa wurin mai gishiri, sai ya ɗora wayar a gefen faifai, ya tsuguna.

"Salamu alaikum. A sayi gishirin nan?"

Waya ba ta ce komai ba. Ya gyara tsuguno.

"Bawan Allah, ko ka saya ko ka matsa, ka tare min gaba," in ji mai gishiri.

"Ba ta amsa ba tukuna."

Aka yi azahar, ya je ya yi salla ya dawo ya sake sallama. Aka yi la'asar. Mai gishiri ta tattara kayanta ta bar shi a tsugune yana kallon baƙin gilashi. Ranar wake lami suka ci, don Hansai ba ta roƙon maƙwabta. Ta ce masa, "Daga yau tambayar waya tawa ce. Kai naka ƙafa ne." Ya ce to.

Wata rana Hansai ta yi shawarar ta fara sayar da manja cokali-cokali daga bakin ƙofa, don kada komai ya hau kan wake. Ta sayar da tunkiyarta. Ta nemo a waya har ta samu wanda aka fi yabawa, da hotonsa: jarkoki masu ruwan ɗorawa an jera su a gaban wani shago. Jarka ɗaya take so, cike. Ta miƙa wa Nomau wayar.

"Ka nuna wa Sallau mai manja hoton nan. Abin da ke ciki sak za ka kawo. Kada ka ƙara, kada ka rage."

Nomau ya tsaya a gaban Sallau ya ƙirga jarkokin hoton da yatsa. Goma ne.

"Goma nake so."

Sallau ya dubi kuɗin, ya dubi mai kuɗin. "Da mai ko ba mai?"

Nomau ya kawo wayar kusa da ido, ya juya ta, ya leƙa bayanta. "Ba a ga mai ba."

"To ai shi ke nan," in ji Sallau. Yana da fankon jarkoki jibge a bayan shago da suka dame shi. Har igiya ya ba shi kyauta.

Haka Nomau ya shigo Kurmin Gwaza da sanda a kafaɗa, biyar a gaba, biyar a baya, suna ƙwanƙwasar juna, mata suna leƙowa ta katanga. Hansai ta ƙwanƙwasa ɗaya da sandarta, ta ji amon fanko. Ba ta yi kuka ba, ba halinta ba ne. Ta aika a mayar, Sallau ya ce shi abin da ke hoto ya sayar, a kira shaidu. Tunkiya ta tafi ke nan. Mutanen gari suka sa wa Nomau Sarkin Jarka, shi kuwa ya ɗauka sarauta ce ta gaske. Kullum da safe sai ya wanke su da toka da yashi, ya kife su a rana, ya jera murafen a kan katanga.

Wata rana Hansai ta ji wani ɗan motsi a cikin buhun da ke kusa da kanta, ƙus-ƙus, kamar ana taunar ƙasa. Ta zura hannun da ke aiki, ta fito da shi da gari da wake mai huji. Ƙwari sun shiga. Waya ta ce a shanya waken a kan baƙin tamfol da tsakar rana, ta kuma faɗi kuɗin tamfol ɗin. Hansai ta yi ta maimaita wa Nomau kuɗin har ya haddace.

"Ka je shagon Mato mai kayan gona. Idan ya faɗi abin da ya wuce na waya, ka taya."

Mato mutum ne da waya ta ɓata wa kasuwa, kuma ba ya ɓoyewa. Yana ganin Nomau da ita a hannu ya ce wa na zaune a bencinsa, "Ga wani nan. Yanzu kowa sai ya shigo da ita a tafi kamar mai duba, ya fi ni sanin kayana. Wayar ce ta biya min motar Kano?" Ya faɗi kuɗi, ya wuce na waya da nisa.

Nomau ya ce a ransa, to, an zo wurin tayawa. Ya tuɓe riga ya rataye. Akwai motar taki a ƙofar shago ana saukewa, ya sa kafaɗa. Mato bai hana shi ba. Buhu sittin Nomau ya sauke, ya share shago, ya ɗebo ruwan alwala. Da yamma Mato ya ba shi ƙullin gyaɗa.

"Na taya shi, Yaya," in ji shi da ya dawo, kafaɗa duk ta saɓule. "Ya ce tun da ya buɗe shago ba a taɓa taya shi haka ba."

"Tamfol ɗin fa?"

"Bai rage ba."

Kasuwa sai wata Larabar. Su kuwa ƙwari ba su san Laraba ba.

Wata rana, wato Larabar da ta biyo, Hansai ta zaunar da shi ta warware masa. "Tayi shi ne ka faɗi naka kuɗin. Ka faɗi na waya, ka tsaya a kai. Ba ɗaukar kaya na ce ba." Ya je, Mato ya faɗi nasa, Nomau ya faɗi na waya da ƙarfi kamar mai biya karatu.

Mato ya kau da kai ya ce, "Albarka."

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwa ya san idan mai kaya ya ce albarka, bai sallama ba ke nan. Nomau kuwa albarka ɗaya ya sani, wadda marigayi ubansu yake sa masa idan ya dawo daga gona. Daɗi ya kama shi. Ya ɗaga hannu biyu ya shafa.

"Amin, amin. Allah ya bar zumunci."

Ya ajiye kuɗin a kan benci, ya naɗe tamfol ya saɓa, ya kama hanya. Mato ya miƙe, rabi wasa rabi haushi, ya ce, "Kai, ɓarawo." Kalmar nan idan ta fita a kasuwa ba ta komawa baki. Kafin Nomau ya kai rumfar mahauta an kai shi ƙasa. Waɗanda ba su san me aka ɗauka ba su suka fi duka. Can wani ya ce a kawo taya da fetur. Nomau yana kwance, jini a baki, ya ji kalmar, sai ya ɗago kai.

"Na taya. Wallahi na taya."

Mato da kansa ne ya tsorata, ya faɗa a kansa ya rufe shi da jiki yana rantsuwa cewa an biya, har Sarkin Kasuwa ya iso da mutanensa. Nomau ya koma gida da haƙora biyu a aljihu da tamfol ɗin da aka yaga wurin kokawa. Aka yi shanya kwana uku. Manyan ƙwarin suka gudu, amma ƙwayayensu suna cikin wake. Buhu ɗaya ya zama gari, ko kaji sai sun yi tunani kafin su ci.

Labari ya kai birni. Isiyaku ya bugo waya, Hansai ta sa muryar a bayyane don hannu ɗaya gare ta, don haka Nomau ya ji.

"Inna, kin gani ko? Gara a ɗaure shi da a ƙone shi. Ni taimako nake nufi."

"Abinci ya ƙare ne?" in ji Hansai.

"Bai ƙare ba, amma..."

"To sai ya ƙare." Ta kashe.

Wata rana Hansai ta gano a waya cewa akwai wani buhu mai leda biyu masu kauri a ciki. Idan aka zuba wake aka ɗaure tam, iska ba ta shiga, ƙwarin su mutu da kansu. Sai dai jabunsa ya yi yawa. A wayar, waɗanda suka saya suna ba kowane iri taurari, na gasken ya samu biyar.

"Mai taurari biyar za ka kawo," in ji ta. "Ko huɗu ne kada ka karɓa."

Nadamar Mato sati ɗaya ta yi ta warke. Ba shi da buhun gaske, sai wani mai leda shara-shara da ake gani ta cikinta. Nomau ya juya shi gaba da baya.

"Wannan ba shi da tauraro ko ɗaya."

"Au, masu taurari kake so? Suna ciki, ba ma fito da su saboda rana."

Ya shiga ƙuryar shago da alƙalamin rubuta buhu, ya ɗan jima, ya fito. Nomau ya ƙirga da yatsa, tawada tana bin yatsan. Shida ne.

"Ɗayan gyara ne na yi maka," in ji Mato, "saboda abin da ya faru."

"Biyar aka ce."

Dole Mato ya koma ya zana wasu, yana tsaki. Na kan benci suka yi dariya har da riƙe ciki, amma ba dariyar kaɗai suka yi ba, sun ɗauki darasi. Kafin Laraba ta zagayo rabin kasuwar Tudun Faru ta yi taurari: a kan sabulu, a kan ƙotar fartanya, a kan kwanon awo. Har wani ya zana wa akuya biyar a haƙarƙari. Kuma ana saye, masu hankalin ma suna saye.

Hansai tana ganin tawada a yatsansa ta san abin da aka yi. Amma ba ta da wani buhun, ba ta da kuɗin wani. Aka zuba, aka ɗaure. Bayan sati uku ƙwarin suka huda ledar kamar ba ta nan. Buhu na biyu ya bi na farko, motsin kuma ya koma cikin sauran biyun. Isiyaku ya aiko cewa ba zai jira a kai ga ƙasan buhu ba, ranar Alhamis yana tafe da mota.

Wata rana, ana jibi Alhamis ɗin, Lantana ta turo wa uwarta wani bidiyo. Ita ma ba ta so a kai kawunta gidan mari, iyakar abin da za ta iya ke nan. Wani mutum ne mai kyakkyawar hula yana nuna wata ƙwaya mai ruwan toka da ake kira bom. A naɗe ta a tsumma, a cusa cikin buhu, kwana ɗaya ƙwari sun ƙare. A ƙarƙashin bidiyon mutane sun fi ɗari sun yi rubutu. Hansai ta bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Ya yi aiki. Allah ya saka. Nawa ko ƙwaro ɗaya babu. Ta cire 'yan kunnenta na aure ta aika gidan dillaliya.

Da asubar Laraba ta ba Nomau kuɗin da wayar.

"Taurari nawa, Yaya?"

"Ka bar zancen taurari, sun ishe ni. Abin da ake bi shi ne bakin waɗanda suka saya. Idan sun ce abu yana da kyau, sannan a saya. Ga shi nan sun faɗa." Ta ƙwanƙwasa gilashin da farce.

Nomau ya kai wayar kunne. Bai ji bakin kowa ba. Amma dokar ta shiga: sai an ji daga bakin waɗanda suka saya.

Mato yana da ƙwayar, gwangwani-gwangwani, ya ce tun da bidiyon nan ya fito ba ta kwana a shago. Ya sauko da ɗaya. Nomau bai miƙa kuɗi ba.

"Wa ya saya?"

"Kowa."

"Kowa ɗin wane ne?"

Mato yana da masu saye a tsaye, ya gaji. "Ko Larabar da ta wuce Jatau na Unguwar Ƙaiƙayi ya ɗauki gwangwani guda. Je ka tambaye shi." Ya faɗa ne don a yi dariya, aka kuwa yi.

Unguwar Ƙaiƙayi tafiyar awa biyu ce a ƙasa. Nomau ya isa bayan azahar. Bai sha wahalar neman gidan ba, don duk garin yana ƙofarsa. An shimfiɗa tabarmi, maza suna zaune, ƙafafunsu da jar ƙasa, daga cikin gida kuma ana jin kukan mata. Nomau ya san zaman makoki, Hansai ta koya masa. Ya cire takalmi, ya tsuguna, ya ce Allah ya jiƙan musulmi, aka ce amin. Sannan ya tambaya wane ne Jatau. Aka nuna masa wani siririn mutum a jingine da bango, idonsa a bushe.

"Mato ya ce kai ka sayi ƙwayar wake. Tana da kyau?"

Wani ya yunƙura zai kwaɗa masa mari. Jatau ya ɗaga hannu ya hana. Ya dubi Nomau.

"Ƙwarin sun mutu," in ji shi. "Na duba da safe. Ko ɗaya bai rage ba."

Nomau ya ji daɗi, ya fara laluben takalmi.

"Amma ba ni na saya ba," Jatau ya ci gaba, kamar da bango yake magana. "Aike ne. Tasalla ce ta gani a waya, ta sayar da kajinta ta ba ni. Jiya ta cusa a buhu. Buhunan a ɗakinta suke. Ta rufe ƙofa saboda sanyi, ita da yara uku. Ni a zaure na kwana."

Liman ya ce a hankali, malamin asibiti ya zo, ya ce iskar da ƙwayar ke fitarwa ce, ba a sa ta a inda mutum yake kwana. An rubuta a jikin gwangwanin, da Turanci, ƙanana.

Nomau bai tsaya kan wannan ba. Abin da ya kama shi ne, ba Jatau ne mai sayen ba.

"To Tasallar tana ina? Daga bakinta aka ce in ji."

Can wani tsoho ya nuna masa hanyar bayan gari da haɓa.

Kabari huɗu ne sababbi, ɗaya babba, uku ƙanana, an ɗora ƙaya a kai, ƙasar ba ta bushe ba. Nomau ya cire takalmi ya tsuguna a gefen babban.

"Salamu alaikum, Tasalla. Ni ne Nomau, ƙanen Hansai ta Kurmin Gwaza. Ƙwayar nan da kika saya, tana da kyau?"

Ya jira. Jira dai ya iya shi. Ya sake sallama, ya sake tambaya, ya ƙara da cewa Yaya tana sauri, gobe mota za ta zo. Inuwar ƙayar ta yi ta ƙara tsawo. Da ya ga rana ta yi sanyi, sai ya miƙe ya ce, "To, na bar ki lafiya," ya kama hanyar gida. Bai biya ta shagon Mato ba. Yana tafe yana duban idon sawunsa, don ya san gobe Alhamis, ya kuma san hannu wofi zai koma. Amma ba a ce tana da kyau ba.

Ya samu Hansai a bakin ƙofa, ta yayyanka tsummokaran da za a naɗe ƙwayar, ta jera su a cinya. Ya ajiye mata kuɗin yadda ta ba shi.

"Ina ƙwayar?"

"Ba ta amsa ba."

Hansai ta ɗaga sanda. Tun da take ba ta taɓa dukansa ba, ranar saura kaɗan. "Ka san abin da ka yi wa kanka? Gobe za su ɗaure ka kamar jaki, ni kuma ba ni da ƙafar da zan bi ka. Wace ce ba ta amsa ba?"

"Tasalla. Wadda ta saya."

"A ina ka gan ta?"

"Ban gan ta ba. An rufe ta. Ita da yara uku."

Sandar ta sauko a hankali. Hansai ta san yadda ake zaro magana daga bakin ƙanenta, ɗaya bayan ɗaya kamar ƙaya, kuma haka ta yi har ta kai ƙarshe.

"Buhunan a ina ta ajiye su?"

"A ɗakin da take kwana. Kamar naki."

Hansai ta waiwaya ta dubi buhu biyun da ke jingine da gadonta, ta dubi tagar da aka cusa wa tsumma, ta dubi tsummokaran da ke cinyarta. Ta ɗauki wayar ta buɗe, ta bi rubutun da yatsa tun daga sama. Ya yi aiki. Allah ya saka. Ta kai har ƙasa.

"Tana ciki?" in ji Nomau.

"Ba ta ciki. Irinsu ba sa rubutawa."

Ta ajiye wayar. Tana ta juya abu ɗaya a ranta: ɗaki a rufe, ba iska, mai rai ya mutu. Buhun gasken ma dabararsa ke nan. Idonta ya faɗa kan katanga, inda murafe goma suke a jere.

"Nomau, jarkokin nan naka, a bushe suke?"

"Ƙayau, Yaya. Kullum ina shanya su."

Tun da asuba suka fara. Ita tana sheƙa da hannu ɗaya, shi yana ɗurawa da mazurari. Ta ce ya cika har wuya, ya girgiza, ya ƙara, kada ya bar wurin da ƙwaro zai yi numfashi. Ya ɗora leda a baki ya murɗa murfi da ƙarfinsa duka. Buhu biyu suka shige jarka goma cif.

Ana murɗa na ƙarshe mota ta tsaya, Isiyaku da Lantana suka fito. Isiyaku ya tsuguna daga nesa ya gaida surukarsa, kansa a ƙasa, amma igiya tana leƙowa daga aljihun rigarsa, kuma Nomau ya gan ta. Ya koma bayan jarkoki ya tsaya. Hansai ba ta kama sunan 'yarta, 'yar fari ce.

"Ke, ƙwayar nan da kika turo, wa kika tambaya?"

"Inna, ai mutum ya fi ɗari suka yaba."

"Shi ya je ya tambayi ɗaya." Ta ba su labarin Unguwar Ƙaiƙayi a gajarce, ba ta ƙara gishiri ba. Lantana ta leƙa ɗakin, ta ga gadon, ta ga inda buhunan suke, ta zauna daɓas a ƙasa ta rufe baki da mayafi.

Isiyaku ya yi gyaran murya. "Gaskiya Allah ya kiyaye. Amma Inna, wannan sa'a ce kawai."

"Sa'a ce. Da mai hankali na aika, da yanzu gawa kuka zo ɗauka, ga mota ma kun kawo. Ka ce ranar da abinci ya ƙare. Ga abinci nan jarka goma, ka ƙirga. Igiyar aljihunka kuma ka bar mana ita, muna neman ta shanya."

Ya ajiye ta. Motar ta koma da mutum biyun da ta kawo.

Bayan wata guda aka buɗe jarka ɗaya. Ƙwarin suna sama a mace, waken yana nan. Ba su ƙoshi ba a shekarar, amma sun kai sabon amfani, kuma ƙafar Nomau ba ta ga mari ba. Mato yana nan yana sayar da ƙwayarsa, taurari sun ƙaru a kasuwa, Hansai kuma ba ta jefar da waya ba, sai dai idan ta karanta yabo takan tsaya ta tambayi kanta su wane ne ba su samu damar rubutawa ba.

Shi Nomau abu ɗaya ne ya tsaya masa: an aike shi, bai kawo amsa ba. Don haka duk Laraba, idan ya gama sayayya, sai ya ratse ta Unguwar Ƙaiƙayi, ya cire takalmi, ya gyara ƙayar da iska ta ture, ya yi sallama, ya tambaya. Har yau ba ta ce tana da kyau ba. Shi ma har yau bai saya ba.